CINIKIN BIRI A SAMA

Daga Gangara, ƙasar Jibiya

Ya ku 'yan'uwana talakawa, da ku 'yan kasuwa manya da ƙanana, yau maganar ciniki za mu yi, abin da ba wanda zai koya muku. Kowa a cikinku ya san ƙa'idarsa tun yana yaron rumfa. Sai an ga kaya, an juya su, sa'an nan a taya. Mai kaya ya ce albarka, a ƙara, dillali ya shiga tsakani ya tausa wannan ya tausa wancan, har a kai inda za a ce an sallama, a gaban shaidu. In kuwa bayan an rabu wani aibi da aka ɓoye ya bayyana, an san gidan mai kaya, an san fatomansa, an san alƙalin da za a je gabansa. Haka mu ke yi da mutanen Ɗan Isa da na Maraɗi, su da sefa mu da naira. Ko sa'ad da gwamnati ta rufe iyaka a 2019, ta kuma sāke rufewa a 2023, ba a daina sanin wanda ke bin wani ba.

To, akwai wani ciniki da ya fi na buhun gero da na bijimi nesa ba kusa ba, watau cinikin magani tsakanin hukumominmu da manyan kamfanonin ƙasashen waje. Abin da aka saya a wannan ciniki cikin jikinmu da na 'ya'yanmu ya ke shiga, amma ba a taɓa kiranmu mu ga kaya ba, balle mu taya. In abu ya lalace, sai masu manyan riguna su ce ai wuyar sha'anin ita ce bambancin al'ada: Bature da takarda ya ke aiki, Bahaushe da baki. Ban musa akwai bambanci ba. Abin da na ke cewa shi ne, wanda ya rubuta takarda shi ke zaɓar al'adar da za a bi, kuma kullum wadda ta fi masa araha ya ke zaɓa. Ga shaida daga Kano.

A 1996 sanƙarau ya faɗa wa Arewa irin faɗawar da tsofaffi ba su manta ba. Sama da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka mutu, yawancinsu yara. Asibitin Zana na Kano ya cika ya batse. Ana cikin haka sai ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka suka sauka da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin ba a ba da iznin sayar da shi a ƙasarsu ba. Suka ware yara 200. Wajen rabi aka ba su Trovan, sauran aka yi musu allurar wani sanannen magani, ceftriaxone, amma bayan allurar farko aka rage adadin da a ke ba su. Yara 11 suka mutu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Waɗansu suka tashi da kurumta, ko shanyewar jiki, ko taɓuwar ƙwaƙwalwa. Bayan kamar mako biyu baƙin suka naɗe kayansu suka koma gida, annoba kuwa na ci gaba da ɗibar mutane. A cikin wannan asibitin dai, likitocin ƙungiyar MSF na ba da maganin da aka saba da shi, kyauta.

Kada a ce na ɓoye maganar kamfanin. Pfizer ta ce cutar ce ta kashe yaran ta kuma nakasa waɗanda suka nakasa, don sanƙarau da ma haka ya ke yi. Ta ce waɗanda suka mutu a hannunta ba su kai yawan waɗanda ke mutuwa a sauran wurare ba, kuma ta ce da sanin hukuma ta shigo. Mu bar wa likitoci gardamar abin da ya kashe wane. Tambayar ɗan kasuwa ita ce: wa ya sallama? Ina takardar da uban yaro ya sa hannu, ko ya dangwala yatsa, cewa ya san gwaji ne, ya san kuma akwai wani magani a ɗaki na gaba? Babu ko guda da aka iya nunawa. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, iyaye sun yarda da baki. Iyaye da yawa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne.

Ku dubi Allah, jama'a. Mutum ya goyo ɗansa daga ƙauye cikin zafin bazara, wuyan yaro ya sanƙare, idonsa ya kafe. Mai farar riga ya yi masa magana, ya ce "to". Wane ne a cikinmu bai san ma'anar wannan "to" ba? Ita ce "to" ɗin da talaka ke ce wa dagaci, da ɗan sanda, da malamin asibiti. Ma'anarta na ji, ba na yarda ba. A kasuwa ko yaro ya san "to" ba sallama ba ce. Kamfanin da a ƙasarsa ba ya ba baligi ƙwaya ɗaya ta gwaji sai ya sa hannu a takarda mai shafi da yawa, da ya zo Kano sai ya gano cewa al'adarmu ta magana da baki tana da kyau ƙwarai. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa ranar biya.

Hannun namu ma ba a wanke ya ke ba. Akwai wata wasiƙa mai ɗauke da sunan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, mai kwanan watan Maris 1996, wadda ta ce kwamitin asibitin mai duba halaccin gwaji ya amince. Bayan jaridar Washington Post ta tona zancen a ƙarshen 2000, sai ta bayyana cewa a watan Maris na 1996 asibitin ba shi da irin wannan kwamiti ko kusa, an rubuta wasiƙar ne daga baya aka mai da kwanan wata baya. Wannan ba Bature ya rubuta ba. A 2001 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi. Kwamitin ya ce gwajin ya saɓa wa doka. Me aka yi da rahoton? Aka sa shi a aljihun tebur shekara biyar, sai a 2006 wannan jaridar ta Amurka ta same shi ta buga. Ashe mutumin Washington ya riga mutumin Fagge jin abin da gwamnatin Nijeriya ta gano game da 'ya'yan Kano! Shi kuwa Trovan, an ba da izninsa ga manya a Amurka a ƙarshen 1997, a 1999 aka dakatar da shi a Turai aka kuma taƙaita shi a Amurka saboda yana lalata hanta. Ba a taɓa ba da izninsa ga yara a Amurka ba.

Sa'an nan aka shiga neman alƙali. A 2001 waɗansu iyaye suka kai ƙara Niyok, inda hedkwatar kamfanin ta ke. Kotu ta ce su koma gida a yi a Nijeriya, aka yi ta kai da kawowa, sai a Janairun 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta ce suna da ikon a saurare su a can. Shekara takwas ke nan ba a ma taɓa ainihin maganar ba, ana gardamar zauren da za a zauna. A 2007 Gwamnatin Kano ta shigar da tata ƙarar tana neman sama da dala biliyan 2, ta Tarayya ma ta shigar da tata tana neman kusan biliyan 7.

A ƙarshen Yulin 2009, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, aka yi sulhu da Kano a kan dala miliyan 75. Ku yi lissafi da kanku, bai kai kashi 4 cikin 100 na abin da aka taya ba. Ina dillalin da zai kai bijiminka kasuwa da kuɗin ɗari, ya komo da huɗu, ka kuma ba shi la'ada? Aka raba kuɗin uku: miliyan 30 na ayyukan lafiya a Kano, miliyan 10 na kuɗin shari'ar da jiha ta kashe, miliyan 35 na waɗanda abin ya shafa. In ka raba 35 ɗin nan ga yara 200, kowa dala 175,000 ke nan, kuma ita ce iyakar abin da aka ce mutum zai samu. A cikin takardar kamfanin bai amsa laifin kome ba. Ita kuwa Gwamnatin Tarayya, ta janye ƙararta cikin wannan shekara ba tare da an gaya wa jama'a sharuɗɗan ba. A Disamban 2010 wata wasiƙar ofishin jakadancin Amurka da WikiLeaks ta fallasa ta ruwaito cewa manajan kamfanin a Nijeriya ya ce sun sa a bincika asirin Ministan Shari'a Michael Aondoakaa don a matsa masa ya janye. Pfizer ta musanta wannan. Ƙarar Niyok ma a 2011 aka sulhunta ta, ita ma a asirce.

Yanzu ga ranar biya ta zo. Mutumin da aka karɓi "to" ɗinsa da baki a 1996, aka ce masa baki bai isa ba. Sai ya kawo shaida, sai an yi masa gwajin ƙwayar halitta an gwada da abin da aka ɗiba a jikin yaron tun wancan lokaci. Na san dalilin da aka bayar: mutum 547 suka fito neman diyya alhali yara 200 ne, kuma wanda ya shiga layin kuɗin gawar ɗan wani abin kunya ya yi, ba zan kare shi ba. Amma da an rubuta sunan kowane uba da unguwarsa, an ba shi takardarsa a hannu tun ranar farko, ina ɗan damfara zai sami ƙofa? Wanda ya ƙi rubutu ranar karɓa shi ne ya ce sai da hujjar kimiyya ranar bayarwa. A watan Agusta 2011, shekara 15 bayan annobar, aka yi biyan farko, ga gida huɗu.

Wani zai ce ai ya wuce, kuma abin Kano ne, me ya haɗa shi da Jibiya? Abin da ya haɗa shi ne shan inna. A 2003 aka baza jita-jita cewa maganin rigakafin shan inna na hana haihuwa. Ƙarya ce, gwaje-gwaje sun nuna ƙarya ce, amma wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, kuma masu baza zancen da sunan Pfizer su ke rufe bakin duk mai musu. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafi. Kano ba ta koma ba sai ƙarshen Yulin 2004, bayan an kawo magani daga kamfanin Bio Farma na Indunusiya, ƙasar Musulmi. Maganin iri ɗaya ne da wanda aka ƙi, mai sayarwa kawai aka canja. Kafin nan cutar ta tsallaka iyaka, daga bisani ta koma ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har da ita Indunusiyar a 2005. Sai a 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ita. Yaran da suka gurgunce a waɗannan shekaru ba sa cikin miliyan 75, ba kuwa wanda ya yi musu lissafi.

Kada kuma wani ya ɗauka ina cewa a jefar da takarda a koma amana. Ku tambayi 'yan'uwanmu na tsallake. A 1995 sanƙarau ya kama mutum wajen 41,000 a Nijar. Nijeriya ta aika da gudummawar allurar rigakafi guda 88,000, masu ɗauke da sunayen kamfanonin Pasteur Mérieux da SmithKline Beecham. Kyauta ce daga maƙwabci, wa zai tsaya bincike? Ma'aikatan MSF ne suka lura garin maganin ba ya narkewa yadda ya kamata. Da aka auna, aka tarar babu magani a ciki ko kaɗan, jabu ne, kamfanonin ba su suka yi shi ba. Sama da mutum 50,000 an riga an yi musu, sun koma gida suna ganin sun tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 2,500 suka mutu ta dalilin haka. A nan ba bambancin harshe, ba bambancin al'ada, gwamnati ce da gwamnati, maƙwabci da maƙwabci. Abin da aka rasa shi ne takardar da za ta nuna daga hannun wa kaya suka fito, suka bi ta hannun wa, wa ya auna su.

To, ana iya yin cinikin nan da kyau kuwa? Ana iyawa, an ma yi, kuma a kan wannan cuta. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da wata ƙungiya mai suna PATH suka sami dala miliyan 70 daga Gidauniyar Gates don a yi sabuwar allurar sanƙarau domin ƙasashenmu. Kafin su nufi kowane kamfani, sai suka fara tambayar masu saye. Jami'an lafiya na Afirka, har da babban sakataren ma'aikatar lafiya ta Nijar, suka ce allurar da ba za su iya saye ba ta fi rashinta muni, kuma in ta wuce santi 50, watau rabin dala, kada ma a kawo. Wannan ita ce taya. Manyan kamfanonin Turai da Amurka suka ce albarka, ba za su iya a wannan kuɗi ba. Ba a roƙe su ba, aka wuce rumfa ta gaba. Kamfanin Serum Institute na birnin Pune a Indiya ya sallama. Aka samo wani sinadari daga Holan, aka samo dabarar haɗawa daga wani ɗakin bincike na gwamnatin Amurka, aka yi gwaji a fili a Indiya da Mali da Gambiya da Senegal da Gana, da iznin hukumomi da na iyaye. A Disamban 2010 aka fara yin allurar, MenAfriVac, a Burkina Faso da Mali da Nijar, a kan ƙasa da rabin dala. Nijeriya ta bi a 2011. Irin sanƙarau ɗin da ya yi ɓarnar 1996, wanda likitoci ke kira nau'in A, ya kusa ɓacewa a duk inda aka yi ta. Ba a gama da cutar ba, gama nau'in C ya tashi a Nijar a 2015, ya kuma kashe sama da mutum 1,000 a Nijeriya a 2017, Zamfara da Sakkwato da Katsina na kan gaba. A 2024 Nijeriya ta zama ta farko da ta fara yin sabuwar allura mai tare nau'i biyar, daga wannan kamfanin na Pune.

A wancan tebur akwai Ba'indiye, da Ba'amurke, da mutumin Holan, da Bazabarme da Bahaushe masu jin Faransanci. Al'adu sun fi na Kano yawa, amma ba su hana kome ba, don mai saye ya faɗi kuɗinsa tun farko, kuma yana da inda zai je in an ƙi.

Ku kuma alhazai masu sayo magani daga Indiya da Sin, da ku masu kemis da ke saro a hannunsu, wannan karatu naku ne. Mutumin Mumbai zai tarbe ka da shayi, ya kira ka ɗan'uwa, ya girgiza kai ka ɗauka ya yarda. Da ka tafi, abin da ke takarda shi ne ciniki. Ka sa wanda ya iya, wanda kai ka ke biyansa ba su ba, ya karanta maka da wane kuɗi za a biya. Wanda ya ci bashin dala sa'ad da gwamnati ke sayar da ita wajen naira 460 a watan Mayun 2023, ya zo biya a Fabrairun 2024 ta haura 1,500, zai ba ka labari. Ka sa a duba wata nawa ya rage kafin magani ya lalace ranar da ya sauka Legas, ba ranar da aka loda shi ba, da wanda zai ɗauki asara in NAFDAC ta ƙi shi. Ka duba ƙarshen takarda, inda a ke rubuta garin da za a yi shari'a in an saɓa. In ka ga Landan ko Mumbai, ka tuna iyayen Kano da shekarunsu takwas a ƙofar kotun Niyok. Ku sani kuma lambar NAFDAC iyakarta kan iyaka, Nijar da tata hukumar, kwalin da ya halatta a Katsina ba lalle ya halatta a Maraɗi ba. Wanda kuwa ya ƙulla cinikin tramadol mai ƙarfin miligiram 225, alhali 50 da 100 hukuma ta yarda da su, don ya sayar wa 'yan acaba da 'yan ga-ruwa, ba shi da bakin zagin wani kamfani. Shi ma jikin ɗan wani ya sayar ba da sallamar uban ba.

Tun 2007 Nijeriya na da rubutacciyar ƙa'idar gwajin magani a kan mutane, wadda ta wajabta a nemi yardar mutum bayan ya fahimta. Madalla. Amma nawa ne a cikinmu suka taɓa jin an karanta ta a rediyo? Abin da mu ke nema bai fi ƙarfin Majalisar Dokokin Katsina ba. Duk wanda zai gwada magani a jihar nan ya kawo takardar yarda da Hausa, boko da ajami, a karanta wa mahaifi da ƙarfi a gaban shaidar da ba ya cin albashin kamfani, a bar masa kwafi ya tafi da shi gida. Duk kwangilar magani da gwamnati ta ƙulla da kuɗin jama'a a buga ta, da farashin kowane kwali da sunan wanda ya auna shi, a liƙa a ƙofar asibitin Jibiya inda mai jinya zai gani. A daina sa hannu a sulhun da aka ce asiri ne, domin mai cinikin da ya ce kada shaida ya ji, ba alheri ya ƙulla ba.

Bazara na zuwa kowace shekara, sanƙarau kuwa ba ya tsayawa a shingen kwastan. Duk mai neman ƙuri'a da ya taka Gangara kafin ta zo, kansila ne ko ɗan majalisa, ku zaunar da shi a tabarma, ku tambaye shi allura nawa aka tanadar wa ƙasar Jibiya, daga wane kamfani, a kan nawa, kuma wa ya ga takardar da idonsa. In ya ce "to", ku ce ya rubuta.